Waken Zaƙi a Ƙofar Hasumiya

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon Hasumiya ya wuce ta gaban Donya Eduviges, ko ya lura da ita ko bai lura ba. Tana nan hannun hagu kafin babbar ƙofa, a inuwar katanga, da teburinta mai taya da tukunyar waken zaƙi. Viges muke ce mata. Ta fi shekara arba'in tana sayarwa a wurin, amma ƙafarta ba ta taɓa tsallaka ƙofar nan ba.

Ni kuwa a ciki nake yini. Sunana Gumersindo, sana'ata rakiyar baƙi. Ni ne mai tsayawa a tsakar fili da malafa ina gaya musu ginin nan ya haura shekara ɗari biyar, da dutsen teku aka yi shi, daga samansa ake hango duk jirgin da zai shigo kogin Ozama. In nuna musu igwa, in kai su ɗakin albarushi, in jero musu ƙasashen da tutarsu ta taɓa kaɗawa a kansa har maƙogwarona ya bushe. Su kuwa abu ɗaya suke jira, 'yan fashin teku. In ka ba su 'yan fashin teku ka gama da su. Sauran masu zuwa amare ne, da 'yan mata masu bikin cika shekara sha biyar, suna jan riguna a kan matakala, mai hoto yana ce musu su leƙo ta tagar ƙarfe su yi murmushi.

Wannan shiga da fitar ita ce ke ɗaure wa Viges kai. Kusan kowane mako sai ta tare ni da tambayar, kamar ba ta taɓa yi ba.

"Sindo, wai da gaske biya suke yi su shiga?"

"Biya suke yi, Inna."

"To su fito yaushe?"

"Duk sanda suka ga dama."

"Ikon Allah," sai ta ce, ta ci gaba da juya wakenta.

Na san tarihinta ne saboda gida ɗaya suka tashi da mahaifiyata a unguwar Santa Barbara, ɗakinsu na kallon na kakata. Mahaifin Viges, Telesforo, mai fito ne, yana da kwalekwale yana ƙetarar da mutane daga bakin kasuwa zuwa wancan hayin. A zamanin mai mulkin nan da ba a kiran sunansa da ƙarfi, Hasumiya ba wurin hoto ba ce, kurkuku ce. Wata safiya aka tare Telesforo a bakin ruwa aka wuce da shi ciki, Viges tana da shekara goma.

Laifinsa kuwa har yau ba mai iya ce maka ga shi. Wasu sun ce ya ƙetarar da wanda bai kamata a ƙetarar ba. Wasu sun ce cewa ya yi kifin gishiri ya yi tsada, a gaban wanda bai kamata ya ji ba. Mahaifiyata ta rantse har ta koma ga Allah cewa wani Telesforo ake nema, mai walda, aka kama na kusa. Ni dai na tambayi tsofaffi da yawa, kowa da nasa.

A lokacin ɗaurarre abin da aka kai masa daga gida yake ci. Da hantsi mata za su jeru a gindin katangar nan, kowace da langa mai hawa-hawa a naɗe cikin ƙyalle. Gandiroba ya karɓa, ka faɗi sunan mutuminka, ka koma gefe ka jira. Ba gani, ba magana, ba saƙo. Abin da za ka samu kawai langar jiya ce a miƙo maka. In ta fito fanko, to yana ci. Amma Casilda, uwar Viges, tana da abin da ya fi na sauran mata, domin langarta takan fito a ɗaure da ƙullin masu fito, irin wanda ake ɗaure kwalekwale da shi a jikin turke. Ƙulli ne mai kama da an yi wasa, ka ja shi ta ko'ina ba zai motsa ba, amma in ka kama wutsiyarsa ka fizga sai ya warware. Duk gidan ba wanda ya iya shi. Da Casilda ta karɓa sai ta shafa ƙullin da yatsa tun kafin ta duba cikin langar, ta ce wa 'yarta, "Babanki yana gaishe mu."

Shekara ta zagayo, bikin Ista na biyu ya matso, zazzaɓi ya kwantar da Casilda. Waken zaƙi kuwa a gidan talaka sau ɗaya ake yin sa a shekara, na Babbar Juma'a, wato Juma'ar da ke gab da Ista, kuma ba a barin mutum a kurkuku ya ji ƙamshinsa daga gari shi bai taɓa ba. Sai Viges ta hau murhu. Ita ta jiƙa waken, ita ta tace, ta matse kwakwa, ta yanka dankali, ta jefa kirfa da kanumfari, ba mai nuna mata. Ta ɗauki langar ta kai da kanta. Washegari aka miƙo ta da ƙullinta, suka buɗe a kan gadon uwar, cikinta tas kamar an wanke da toka.

"Kin gani?" in ji Casilda. "Har da yatsa ya side. Nawa bai taɓa yi masa haka ba."

Wannan magana ita ce jarin Viges. Na ji ta daga bakinta har na gaji, kuma duk wanda ya tsaya a teburinta ya ce waken ya yi daɗi sai ya ji ta. Ita ce ta sa da ta tashi kama sana'a ta ce waken zaƙi za ta sayar, kuma ba a azumin Ista kaɗai ba, duk shekara. Mutane suka yi ta yi mata dariya, wai wa zai sha waken Ista a watan Agusta. Ta ce babanta ya riga ya yanke hukunci a kan hannunta, saura kowa ya yi ta kansa. Aka sha kuwa, ana kan sha.

Langar ta ci gaba da shiga da fita kusan shekara biyu bayan wannan Istar. Sai wata rana gandiroba ya miƙo ta jiya da ƙullinta, ya ƙi karɓar ta yau, ya ce babu mai wannan suna a nan. Ina aka kai shi? Bai sani ba. Bayan an yi juyin zamani aka buɗe ƙofofi, Casilda ta tsaya a nan gindin katanga tana duba fuskokin masu fitowa har aka gama, babu shi. Daga nan labari ya rabu gida-gida. Wani ya ce an kai shi wani tsibiri. Wani ya ce ya gan shi da idonsa a tashar jirgin ruwa ta tsibirin Kurasawo yana dako. Wata maƙwabciya mai baƙin ciki ta ce ai yana Benezuwela da wata mata da 'ya'ya.

Dangi suka taru suka ce wa Casilda ta sa baƙaƙen kaya a yi masa addu'ar kwana tara a huta. Ta ƙi. Ta ce ba a yi wa mai rai kwana tara, kiran mutuwa ne, kuma ko da ya mutun, daga wace rana za a fara ƙirgawa? Addu'ar shekara fa, a wane wata? Haka ta rayu, ba ita ga masu miji ba, ba ita ga zawarawa ba, har ta rasu. Ta bar wa Viges langar da ƙyallen ƙarshe, wanda ba su taɓa kwancewa ba.

Ƙyallen nan yana rataye a jikin teburinta, ya yi baƙi da hayaƙi, ƙullin na nan yadda aka miƙo shi. Langar kuma tana ƙasan tebur. Viges ta yi aure, ta haihu, ta binne miji, ta binne uwa, ta binne ɗa guda, kowannensu ta yi masa kwana tara da gahawa da kujerun haya, kowannensu yana da ranarsa a coci. Hoton Telesforo ne kawai ba shi da mazauni. In ta jera shi da na mamata sai zuciyarta ta ƙi, in ta mayar da shi cikin na masu rai sai jikoki su yi ta tambaya. Duk ranar tunawa da mamata takan sayo masa kyandir, ta riƙe ashana, ta fasa. Akwatin gadonta cike yake da kyandirori da ba a kunna ba.

Na taɓa ce mata, "Inna, mutumin da yanzu zai haura shekara ɗari, ai ko yana Benezuwela ya mutu."

"Na sani, ɗan nan, ba hauka nake ba," ta ce. "Ranar nake nema. Kai in aka ce ka je biki ba a gaya maka rana ba, ina za ka dosa?"

Na yi ta lallashinta ta shiga ciki ko sau ɗaya, in nuna mata wurin, in shigar da ita kyauta. Ta ce ita a waje aka san ta.

Ranar da abin ya faru wata Talata ce ta bazara, rana na dukan tsakar ka. Wata mata ta zo da tsohonta daga Nuyok, ta ce in raka su su kaɗai, saboda ba ya son hayaniya. Sunanta Yaritza, shi kuma Don Anacleto, dogon tsoho ramamme, da riga a guge da sanda. Ta ja ni gefe ta ce hankalinsa ya fara tafiya yana dawowa, kuma tun da suka sauka daga jirgi yake cewa a kawo shi nan, ita ba ta san dalili ba. Wai ko a makaranta aka taɓa kawo su yana yaro.

Na fara karatuna. Na ce shekara ɗari biyar, na ce dutsen teku. Tsohon bai ko dube ni ba. Na fito da 'yan fashin teku, makamina na ƙarshe, sai ya ce da ni, "Samari, ina kuka kai bokitin?"

"Wane bokiti, Baba?"

"Na kusurwar nan."

Na dubi 'yarsa, ta ɗaga kafaɗa. Muka hau sama a hankali, yana hutawa. A hawa na biyu muka tarar da wata amarya ta rungumi ƙarafan taga tana murmushi, ango na riƙe mata jelar riga. Tsohon ya tsaya cak, fuskarsa ta canza.

"Ita kuma wannan me ta yi?" ya tambaye ni ƙasa-ƙasa.

"Aure ta yi, Baba."

"Shi ke nan? Abin har ya kai haka?"

Ango ya yi dariya, ni ma na yi, amma dariyata ba ta kai ciki ba. Na fara jin cewa yau ba ni ke rakiyar ba. Shi ne ke gaba, ya san inda matakala ta gutsure, ya san inda ake sunkuyawa. Da muka sauko muka iso babbar ƙofa, a buɗe take, mutane na shige da fice da robar ruwa a hannu, amma ya ja ya tsaya a gefe, ya cire hula, ya haɗa ƙafafu. 'Yarsa ta ja shi, ya ƙi.

Ban san abin da ya sa ni ba, na ce, "An sallame ka, Baba. Kana iya fita."

Ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe," ya fita.

Ƙamshin tukunyar Viges ne ya tare su. Yaritza ta ce rabonta da waken zaƙi tun tana yarinya, a zuba musu a roba su tafi da shi masauki, don babanta na da ciwon suga, sai dai ta ɗan lasa masa. Viges ta zuba, ta rufe, ta sa a leda. Yaritza na neman kuɗi a jaka, tsohon ya karɓi ledar. Idonsa na kan titi, amma yatsunsa na aiki. Ya murɗa hannun ledar, ya zagayo, ya cusa, ya ja. Ni a wajena ɗaurin leda ne kawai.

Sai na ji ludayi ya faɗi cikin tukunya. Viges ta zagayo teburin, ta cafke wuyan hannunsa.

"Bawan Allah, wa ya koya maka wannan?"

"Inna, lafiya?" na ce.

"Rufe mini baki, Sindo." Ta ɗaga hannunsa da ledar, ta kai su kusa da ƙyallen da ke rataye. Ko ni da ban san kan igiya ba na ga abu ɗaya ne, har wutsiyar da ke leƙowa ta hagu.

Tsohon ya dubi ƙyallen ya daɗe. Ya ce, "Mai ɗigon shuɗi ne. Akwai kuma wani ja, yana da ƙuna a gefe."

Ƙyallen ya yi baƙin da ba mai iya ganin ɗigo a jikinsa. Viges ta laluba kujerarta ta baya ta zauna, amma ba ta sake shi ba.

"Ke ce Casilda?" ya ce.

"Casilda ta rasu. Ni 'yarta ce, Eduviges."

"A'a. Eduviges ai yarinya ce ƙarama. Ba ta kai nan ba." Ya nuna ƙugunsa.

"Ta girma. Ina Telesforo?"

"Yana sama, yana kwance."

Yaritza ta shiga tsakani tana ba da haƙuri, ta ce babanta bai taɓa zama a kurkuku ba, tela ne, shekara hamsin yana ɗinki a Nuyok, haka yake haɗa labarai kwanan nan. Viges ba ta ko kalle ta ba. Ta tambayi tsohon ko Telesforo ya mutu ne ko an ɗauke shi. Ya ce an ɗauke shi. Ta ce zuwa ina. Ya ce wa? Ta ce Telesforo. Ya ce ai Telesforo mutumin kirki ne, ya iya kwaikwayon kukan jirgi. Ta ce a wace shekara ya gan shi gani na ƙarshe. Ya juya ga 'yarsa ya ce, "Yau wace shekara ce?"

Raina ya ɓaci, ba da shi ba, ba da kowa ba. Shekara da shekaru matar nan tana jiran mutum ɗaya da ya sani, ga shi ya zo har gaban teburinta, kansa kuma ya zama rariya. Mutane sun fara taruwa, wani Bature har ya ɗaga waya yana ɗauka, na ce masa wannan ba ya cikin kuɗin tikiti.

Viges ta saki hannunsa. Ta tsamo ludayin, ta ɗebo waken a ƙaramin kofi, ta miƙa masa da cokali.

"Yana da suga fa, Inna," in ji Yaritza.

"Ni ma ina da shi. Sha, bawan Allah."

Ya kai cokali ɗaya baki, ya juya shi a harshe, ya haɗiye. Ya girgiza kai.

"Ba wannan ba ne. Wancan ya ƙone."

Viges ta ce, "Wanne?"

"Na ranar da ba a kaɗa ƙararrawa. Ya kama a gindi, duk ƙauri. Kanumfari kuwa kamar an juye kanti, harshena ya kwana a mace."

Daga nan maganarsa ta miƙe, kamar wanda aka ɗora a kan hanyar gidansu. Ya ce shekararsa sha tara aka kawo shi, daga wani ƙauye can arewa, ba shi da kowa a birni, ba mai kawo masa langa. Telesforo ne ke raba tasa biyu. Da zazzaɓi ya kama Telesforo hannunsa ya riƙa rawa, sai ya ce masa, zo in koya maka, ka riƙa ɗaure mini, kada matar nan ta ga ƙulli ya canza hankalinta ya tashi. Ya koya. Suna jin ƙararrawar babban coci daga ɗakin, da ita suke sanin lokaci. Ranar da gari ya waye ba ta kaɗa ba, Babbar Juma'a ke nan, ya taɓa Telesforo ya ji ya yi sanyi. Aka fitar da shi ta ƙofar kogi kafin hantsi.

"Da hantsi aka kira sunansa," ya ce. "Na amsa."

Tsohon ya ci gaba. Ya ce gandiroban ya sani sarai, amma hawan sama na langar nasa ne kullum, don haka bai ga dalilin tsayar da ita ba. Ya ce ya yi niyyar ranar kaɗai, gobe ya mayar da ita cike, ba ƙulli, su gane. Gobe ta yi, yunwa na nan. Haka ya yi ta amsa sunan mamaci har ranar da aka kwashe su zuwa wani gidan yarin.

"Da aka sake ka fa?" Viges ta ce. "Ba ka san hanyar Santa Barbara ba?"

"Na je. Na tambayi gidan, aka nuna mini. Na ga wata mata tana shanya, da riga mai furanni. Ba baƙa ba." Ya dubi kofin hannunsa. "Na juya."

Yaritza ta toshe baki da hannu, tana cewa, "Baba, ba ka taɓa gaya mana ba." Sannan ta juyo ga Viges ta ce kada ta ɗauki maganar da nauyi, jiya ma ya ce shi direban jirgin ƙasa ne.

"Ya ƙone," in ji Viges. Da ni take, ko da tukunyar, ban sani ba. "Na bar shi a wuta na tafi ba uwata ruwa. Na kankare gindin na zubar a bayan gida don kada ta gani. Kanumfarin kuma na ɗauka da hannu ake ɗiba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, Sindo. Ko uwarka."

Gaskiya na ɗauka za ta kwaɗa masa ludayi, kuma da ta yi ba zan riƙe ta ba. Ni kaina ji nake kamar in shaƙe tsohon, in kuma rungume shi, ban san wanne zan fara ba. Ita kuwa kallonsa kawai take, kai a karkace, irin kallon da take yi mini in na ce mata biya ake yi a shiga.

"To ni yanzu yaya zan yi da kai?" ta ce. "Kai ka hana uwata zaman makoki har ta mutu. Kai ne kuma ka sa take tashi da safe ta hura wuta. In zage ka ne ko in yi maka godiya?"

"Duk wanda kika ga dama, 'yar nan."

"Ka side da yatsa?"

"Na side."

"Duk da ƙaurin?"

"Ina kuka ina sidewa."

"Ashe shekara arba'in ina tallar shaidar mayunwaci," ta ce. Ta yi wata 'yar dariya, hawaye na bin ta.

Ta share fuska da gefen riga, ta juyo gare ni. Ta ce in na tashi aiki in biya wurin Fada, limamin cocinmu, in gaya masa gobe za a fara kwana tara na Telesforo mai fito, in kuma gaya wa masu hayar kujeru. Kyandir kada kowa ya saya, akwai. Addu'ar shekara kuma a rubuta masa Babbar Juma'a.

Na ce, "Inna, ai ran Babbar Juma'a Fada ba ya yi wa kowa addu'ar mamata. Duk shekara ita kaɗai ce ranar da ba a yi."

Ta dubi katangar. "Ka ji irin ranar da ya zaɓa," ta ce. "Babana ke nan. To a yi masa a gida."

Sai ta miƙa hannu ta ciro ƙyallen daga ƙusa. Tun da nake ban taɓa ganin ta sauke shi ba, ko ruwa ake takan rufe shi da leda a inda yake. Ta riƙe shi a tafin hannu, ta shafa ƙullin da babban yatsa, sannan ta ajiye shi a hannun tsohon.

"Ashe naka ne. Kwance abinka."

Ya kama wutsiyar ya fizga. Ƙyallen ya yi tauri, sai da ya sake ja, sannan ya warware, ƙura ta tashi. A cikin lanƙwasar, inda hayaƙi bai taɓa kaiwa ba, ga ɗigon shuɗi nan.

Viges ta sunkuya ta jawo tsohuwar langar daga ƙasan tebur, ta ɗauraye ta da ruwan roba, ta cika hawan ƙasa da wake, ta jera masa biskit a kai yadda ake yi. Ta shimfiɗa ƙyallen a kan teburin, ta ɗora langar a tsakiya, ta tura masa kujerarta. 

"Zauna ka ci ka gaya mini ko na iya yanzu," ta ce.

Ya zauna ya ci, mu uku muna tsaye a kansa, masu yawon buɗe ido na ratsa mu suna shiga. Da ya gama ya ajiye cokali, ya rufe langar, hannunsa ya kama kusurwoyin ƙyallen ya fara haɗawa.

Viges ta ɗora hannunta a kan nasa.

"A'a," ta ce. "Wannan karon kada ka ɗaure."